Mora ko mai kamfas a ƙota? Ga wadda zan ce ka saya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Cikin wuƙaƙe biyun nan da ka turo hotonsu don fita daji da kwanan tanti, wato Morakniv Companion da waccan ƙatuwar mai haƙoran zarto a baya da kamfas a gindin ƙota, ɗauki Mora. Ita nake riƙewa, kuma da za ta ɓata gobe ita zan sake nema.

A ido ba ta da wani kwarjini. Ƙotarta roba ce, kubenta ma roba ce mai tauri, tsawon ruwanta santimita 10 da 'yan kai, kaurinsa milimita 2 zuwa 2.5, kuma ita da kuben gaba ɗaya ba su kai nauyin wayar da ke hannunka ba. A garin Mora na ƙasar Suwidin ake ƙera ta, kuma asalin kamfanin ya faro tun 1891, don haka ba jiya suka fara ba. A can waje kuɗinta yana wajen dala 15 zuwa 20, a nan kuwa sai yadda canji da kuɗin dako suka yi da kai.

Inda ta shiga raina shi ne wata fita da muka yi bakin madatsar ruwan Tiga da damina. Ruwa ya sauka da la'asar, duk kirare da itacen da muka tara suka jiƙe sharkaf, ga karfasa mun saya a wurin masunta, ga yunwa. Na samo busasshen reshe mai kaurin tsintsiyar hannu, na ɗora kaifin a kansa, na riƙa bugun bayan wuƙar da wani guntun ice har ya tsage biyu. Cikinsa a bushe yake ƙayau. Daga nan na shiga fere shi sannu a hankali, ɓawon yana naɗewa siriri siriri ba tare da ya rabu da icen ba, har ya taru tuli guda a ƙarshen sandar. Ana kusanta ashana wuta ta kama. Da wuƙar nan dai na farke cikin kifin, na fiƙe turakun tanti, na yanka albasa da attaruhu. Hannuna duk santsin kifi amma ƙotar ba ta zame mini ba ko kaɗan. Da na gama na ɗauraye ta, na tura ta kube har na ji ta ce ƙas, ruwan da ya saura ya tsiyaye ta 'yar hudar da ke ƙasan kuben.

Sirrinta yana wajen yadda aka fitar da kaifin. Gangare ɗaya ne mai faɗi daga ƙasa da tsakiyar ruwan har bakinsa, in ban da wani ɗan siririn kaifi a can baki wanda da ƙyar ake ganinsa. Shi ya sa take cin ice yadda kake so, shi ya sa kuma wasa ta ba ya buƙatar gwaninta: kwantar da gangaren nan daram a kan dutse, ka yi ta gogawa, ka juya ɗaya gefen. Amma don Allah kada ka miƙa ta ga masu wasa wuƙa da inji irin na jajibirin Babbar Sallah. Injin yana zafafa bakin har ƙarfen ya saki, ya kuma cinye gangaren, a dawo maka da wata wuƙa daban.

Waccan mai kamfas na taɓa sayen irinta, ƙotar ta fara girgiɗi tun ban yi wani aikin kirki da ita ba. Tunda an rarake cikin ƙotar don a zuba ashana da fatsa, ƙarfen wuƙar ɗan guntu ne kawai ya shiga, noti ko gam ke riƙe da shi, kuma a nan take karyewa. Zarton bayanta ado ne.

Ita ma Mora ƙarfenta bai ratsa ƙota har ƙarshe ba, yana tsayawa ne wajen kashi uku cikin huɗu, sai dai an narka robar ne a kansa, shi ya sa ba ya motsi. Duk da haka ba adda ba ce, ba kuma gatari ba. Kada ka ɓalle murfin gwangwani ko ka ɓamɓare ƙusa da tsininta, kada ka ce za ka sare bishiya da ita. Haɗa ta da addar maƙeri, ka gama. Bayanta kuma ba a fitar masa da kusurwa ba, don haka in kana amfani da sandar ƙyasta wuta sai ka ɗan bi shi da magagari kafin ya ba da tartsatsi.

Iri biyu za ka tarar. Akwai ta baƙin ƙarfe wadda ake rubuta wa kabon, tana saurin ɗaukar kaifi, amma ka yanka lemon tsami ko tumatir ka bar ta a jiƙe, kafin gari ya waye ta yi tabo, in ka ƙara sakaci tsatsa ta biyo baya. Tana son a goge ta a shafa mata ɗan man gyaɗa. Akwai kuma wadda ba ta tsatsa. Tunda wuƙarka ta farko ce, kuma kifi da girki za su fi yawa a aikinta, ɗauki wadda ba ta tsatsa. Ka zaɓi mai launin lemo ko wani launi mai haske in ka samu, domin kore in ta faɗi cikin ciyawa da magariba sai an sha nema.

Sai maganar masu sayarwa, ko da yake ba ka tambaya ba. Akwai masu ɗauko hoton ta gaske su manna a Instagram ko WhatsApp, ka tura kuɗi duka, a kawo maka wata mai kama da ita, ko ma ka nemi mutum ka rasa. Ta gaskiya za ka ga sunan Morakniv da shaidar cewa ƙirar Suwidin ce a jikin ruwanta, rubutun tsaf ba a karkace ba, kuma sabuwa daga kwali tana aske gashin hannu. Ka ce ya ɗauko maka bidiyon wadda zai turo ɗin, gaba da baya, ya sa ta a kube ya kife ya girgiza ka ga ko za ta faɗo. In ya fara kame-kame, ko ya ce farashin na yau ne kaɗai, ƙyale shi. In da hali ka biya sai kaya sun iso hannunka.

Kuma ka san halin da ake ciki da maganar 'yan daba da binciken hanya. Kada ka rataya ta a ƙugu cikin gari. Ta zauna a ƙasan jaka tare da tukunya da tanti har ka isa inda za ka sauka, in kuma jirgi za ka hau, sa ta a akwatin da za a auna, ba jakar hannu ba. Da layya za ta yi maka fiɗa da yankan nama sosai, amma ta yi gajarta ga yanka rago, wannan ka nemi doguwa.