Tangaran na Stoke-on-Trent: a tafi ko a zauna?

Royal Doulton, tsohon kamfanin tangaran na birnin Stoke-on-Trent a Ingila, ya zaɓi tafiya. A 2005 ya rufe masana'antarsa ta Burslem, wani yanki na birnin, yawancin aikin ya koma Indunusiya, inda ladan ma'aikaci ba shi da tsada. Kuɗin ƙira ya ragu, amma mutanen da suka gaji sarrafa yumɓu kaka da kakanni suka koma zaman gida. Arahar ma ba ta ceci kowa ba, don kamfanin da ya mallake shi, Waterford Wedgwood, ya durƙushe a Janairun 2009.

Emma Bridgewater kuwa, wadda ta kafa kamfanin tangaran mai sunanta, ta tsaya a Hanley, wani yankin na Stoke-on-Trent. Kofunanta suna da tsada, har gobe da soso ake buga musu ado da hannu. Mai saye yakan juya gindin kofi, ya ga sunan Ingila, ya biya ba gardama. Ni ma nata zan ɗauka.