GeoGebra a hannun ɗalibaina: ido ya gani, saura hujja

Tun farkon zangon nan nake amfani da GeoGebra, manhajar zanen lissafi, a darasin yamma da nake yi wa 'yan babbar sakandare. Markus Hohenwarter ne ya fara ta a 2001 a Jami'ar Salzburg da ke Ostiriya. Kyauta ake sauke ta a waya, kuma da zarar ta sauka ba sai da data za ka yi zane ba.

Abin da ya sa na manne mata shi ne zanen yana motsi. Ka zana da'ira, ka raba ta gida biyu da layi ta tsakiya, ka sa ɗigo a bakin da'irar, ka haɗa shi da ƙarshen layin nan biyu. To, ja ɗigon da yatsa duk inda ka ga dama: alwatikar za ta miƙe, ta tsuke, amma kusurwar da ke kan ɗigon tana nan daram a digiri 90. Wata ɗalibata da ba ta cika magana ba ta yi ta jan ɗigon har can ƙurya, so take ta ga lambar ta canja. Da abin ya gagara sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, me yake riƙe ta?" Irin tambayar da nake nema ke nan, da wuya kuma alli da allo su fito da ita.

Sai dai a nan ne dole malami ya tsaya tsayin daka. Yara da yawa, da sun ga lambar ba ta motsa ba, shi ke nan sun gamsu, alhali a lissafi gani ba ya zama hujja. Nakan kawo musu misalin masanin lissafi Euler: n² + n + 41. In ka sa lambobi daga 0 har 39 a madadin n, kowace amsa lamba ce da ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Da an sa 40 sai 1681 ta fito, wato 41 sau 41. Shi ya sa mukan ajiye waya mu koma takarda, mu ja layi daga tsakiyar da'ira zuwa ɗigon. Alwatika biyu masu ƙafafu daidai su bayyana, daga nan su yaran da kansu suke laluben dalilin.

A ƙaramar waya yatsa yakan rufe ɗigon da kake ja, saboda haka malamin da ke da kwamfuta ya fi more ta. Ina ba abokan aikina shawara su gwada, amma su ware rabin lokacin darasin don biro da takarda.