Dell OptiPlex 790 ta gwanjo: ta yi wa shagon buga takardu, ba ta yi wa ofishin tsaro ba

A shagunan kwamfuta na Gusau ba ka rasa OptiPlex 790 ta gwanjo, don tana da arha kuma kayan gyaranta na samuwa. A 2011 ta fito, da injin Intel (processor) na zubi na biyu da RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, irin DDR3. In buga takardu ne ko koya wa yara, a cire tsohon hadis (hard disk, faifan ajiyar bayanai) a sa mata SSD, faifan zamani mai sauri, a kai RAM ɗin 8GB, za ta yi aiki ba gardama. Inda ba mu yarda ba shi ne a ɗora mata rajistar kiran gaggawa ko jadawalin sintiri, aikin da rayukan mutanen ƙauyuka ke rataye a kai.

Manhajarta ta mutu. Microsoft ta daina gyara Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, tallafin Windows 10 ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman TPM 2.0 (wani ɗan guntun tsaro a cikin kwamfuta) da injin zubi na takwas ko sama, wannan ba ta da ko ɗaya. Duk ƙofar da masu kutse suka gano yau, a buɗe za ta zauna, filashi ɗaya mai cuta ya isa.

Abin da ya fi damun mu agogo ne. A jikin babban allon cikin kwamfutar (motherboard) akwai ɗan batiri mai faɗin kwabo, CR2032, mai bolt 3. Shi ke riƙe lokaci in an ɗauke wuta. Idan ya mutu, kwanan wata sai ya koma baya, kwamfutar kuma ta ci gaba da aiki lafiya lau, tana liƙa wa kowane rahoto lokacin ƙarya. Kuskuren agogo ya taɓa cin rayuka. Ran 25 ga Fabrairu 1991, a Dhahran ta Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta shafe kusan sa'a 100 a kunne, lissafin lokacinta ya goce da sulusin daƙiƙa kacal. A wannan ɗan taƙin makamin Scud na Iraƙi yana keta fiye da rabin kilomita, sai na'urar ta duba inda ba ya nan. Sojan Amurka 28 suka mutu. Manhajar da aka gyara sai washegari ta iso.

Sai zafi da ƙura. Man da ke tsakanin injin da ƙarfen sanyaya shi ya bushe tuni, ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin Afrilu ya ƙarasa, kwamfuta ta dinga kashe kanta da tsakar rana. Ƙaramar samfurin kuma akwatin wutarta ba irin na gama-gari ba ne, in ya ƙone sai an nemo irinsa takamaimai.

Wanda ba shi da zaɓi sai ita, ya sa a buɗe a gabansa. Ya dubi kafasitocin allon, wato ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kansa, duk wanda kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa, a mayar da kwamfutar. A auna hadis da manhajar CrystalDiskInfo, a sa sabon batiri da sabon mai, a haɗa ta da UPS (na'urar riƙe wuta in an ɗauke) mai batirin 12V 7Ah da aka gwada, kada a sa ta a intanet, a kuma kwafe bayanai kullum zuwa wani faifai da ake ajiyewa a wani ɗaki daban, tare da rajistar takarda.