Garin zogale, kafso ko koren shayi: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya leƙa shagon magungunan gargajiya a yau zai tarar da kwalabe da ƙunshi iri-iri ɗauke da kalmar antioksidan, wato sinadaran da ke rage lahanin da iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin halittar jiki. Babu shakka ganyen zogale yana da su, haka ma shuwaka da koren shayi, amma siffar da aka sayar da ganyen a cikinta ita ce ke raba mai amfani da mai cin kuɗi kawai.

Garin zogale ya fi araha, kuma ido ma yana iya tantance shi. Wanda aka shanya a inuwa yakan fito kore shar, da ƙanshin ɗanyen ganye, wanda rana ta buga kuwa yakan dusashe ya koma ruwan ƙasa, alamar cewa bitamin C da karotin ɗinsa, wato sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sun ragu. A murza kaɗan tsakanin yatsu. Idan an ji yashi, ko kuma ya dunƙule saboda danshi, a mayar wa mai shi.

Kafson zogale ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma a ganina yawancin kuɗin na kwalba ne da talla. Alƙaluman ƙarfin antioksidan da ake bugawa a jikinsa daga gwajin ɗakin bincike suke fitowa, ba daga jikin mutum ba, shi ya sa a 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye jadawalinta na irin wannan awo. A Nijeriya a duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, da ranar lalacewa, sai dai a sani cewa lambar da ta ƙare da harafin L tana nufin an duba amincin maganin ne, ba a tabbatar da cewa yana warkarwa ba.

Koren shayi a kofi ba abin tsoro ba ne ga yawancin mutane. Tataccensa da ake durawa a kafso shi ne ke buƙatar hattara, domin a 2018 hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta danganta shan miligiram 800 ko fiye na sinadarinsa EGCG a kullum da alamun lahani ga hanta.

Mai shan maganin ciwon sukari ya sanar da likitansa kafin ya lazimci zogale ko ruwan shuwaka, saboda suna iya ƙara saukar da sukari. Tataccen ganyen darbejiya kuwa bai dace da mai juna biyu ko ƙaramin yaro ba.