Shagon gyaran jita na wajen Terminus da musun da ake tafkawa a ciki

Duk mai jita a Jos da ke neman inda za a gyara masa ita ba tare da an ƙara lalata ta ba, ina ba shi shawarar wani ɗan shagon kayan kiɗa da ke wajajen Terminus. Ƙarami ne gaskiya, in mutum huɗu suka shiga na biyar sai dai ya tsaya bakin ƙofa, amma aikin mai shagon babu wasa. Tawa wuyanta ne ya ɗan lanƙwashe saboda bushewar hunturun nan namu, wayoyin suka yi nisa da katako har yatsa na zafi in ka danna, ya daidaita ta ya sa sabbin wayoyi ya goge tsatsar inda ake soka kebul, kuma bai karɓi ko sisi ba sai da ya jona ta a amfilifaya na kaɗa na ji da kunnena. Sabbin kaya akwai tsada kam, amma yana da na gwanjo masu kyau kuma ba ya ɓoye maka wacce ce Fender ta gaske wacce ce aka manna wa suna kawai. Inda ya gaza shi ne ba janareto, ana ɗauke wuta gwajin jitar lantarki ya tsaya.

Abin da ya fi burge ni da wurin shi ne hirar yamma. Samari masu kiɗa a coci da yaran unguwa masu koyo suna taruwa, kullum musun ɗaya ne, wai waye sarkin jitar rock. Yawanci da Jimi Hendrix ake farawa, bahagon da ya juya jitar masu dama yana kaɗawa, ya rasu a Landan a 1970 yana da shekara 27 kacal, kuma mujallar Rolling Stone shi ta sa na ɗaya a jerin gwanayen jita a 2003 ta sake sa shi a 2023. Sai wani yaro ya ce a'a Eddie Van Halen ne, ku ji yadda yake bugun wuyan jita da hannu biyu tun 1978, wa ya kai shi sauri?

Oga mai shago ba ya yarda da maganar sauri. A ganinsa sauri naci ne, duk yaron da ya zauna ya dage zai samu, abin tambaya shi ne in an kunna maka kiɗan mutum na ɗan daƙiƙu ba ka gan shi ba za ka gane shi? B.B. King waya ɗaya zai danna ya girgiza ta ka san shi ne. Kuma wallahi na yarda da shi, mu da muka tashi a garin marigayi Ɗan Maraya bai kamata a koya mana wannan ba, kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce amma har gobe ana ji an san hannunsa.

Ni dai inda na tsaya, baiwa daban tasiri daban, haɗa su ne ke sa musun ba ya ƙarewa. Tony Iommi na ƙungiyar kiɗan Black Sabbath inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'anta a Bamingham tun yana saurayi, ya yi wa yatsun hula da roba, daga baya ya sassauta wayoyinsa don su yi laushi, sai sautin ya fito da nauyi, yau duk masu kiɗan metal, wato rock mai nauyin sauti, a kansa suka ɗora. Akwai dubban da suka fi shi sauri, nawa ne a cikinsu suka canza yadda na baya ke kaɗawa? Sannan tasirin ma wani lokacin sai wanda aka ga dama aka rubuta sunansa. Sister Rosetta Tharpe tana kaɗa jitar lantarki a waƙoƙin coci tun kafin a san taurarin rock na farko irin su Chuck Berry, ta rasu a 1973, sai 2018 aka shigar da ita zauren karrama taurarin rock na Amurka. Wannan abin yana min ciwo sosai.

Kuma na ji daɗi da oga ba ya barin yaran su manta da maƙwabta. Yana kunna masu Bombino na Agadas da Mdou Moctar, shi ma bahago ne ɗan Nijar, wanda jitarsa ta farko da kansa ya haɗa da wayar birkin keke, kiɗansa ya fara yawo ta memori da bulutut a wayoyin mutane kafin Turawa su ji labarinsa. In ka ga yadda yaran ke yin tsit suna saurare za ka san ba ciniki kaɗai ake yi a shagon nan ba.

In gyara kake so cikin sauri ka je da safe, da yamma oga na cikin musu sai ka yi haƙuri ka jira. Kuma in jitar lantarki ce ka tabbatar akwai wuta kafin ka ɗauko ta.