Wuƙar Morakniv Companion a hannun mafarauci

Daɗin farauta ba ya cika sai an zo fiɗa, kuma nan ne ake gane wuƙar kirki. Morakniv Companion ƙirar garin Mora ce a ƙasar Suwidin, tsawon ruwanta kusan santimita 10, ba ta da nauyi ko kaɗan. Mariƙinta na roba ne mai kama hannu, ko jini da kitse sun jiƙa shi ba ya santsi.

A kan zomo, zabo da fakara ba ta da matsala. Wajen gada ko barewa ne ake buƙatar lura, domin tsininta siriri ne. Idan za ka buɗe ciki, juya kaifin sama, ka sa yatsu biyu ƙarƙashin fata su yi mata jagora, in ba haka ba ta huda tumbi, ƙazanta ta ɓata naman. Kada ka sari ƙashi da ita, bakin zai karye ko ya lanƙwashe. Bi gaɓa ka yanke jijiya.

Washinta akwai sauƙi: kwantar da gefen bakin a kan dutse, ka goga kowane ɓangare daidai.

Iri biyu ce. Mai baƙin ƙarfe tana saurin kamu a dutse, amma in ta kwana da jini sai tsatsa, don haka na fi ba mafarauci shawarar wadda ba ta tsatsa. Kubenta ma yana tara jini daga ciki ya yi wari, a wanke shi da ruwan zafi, ya bushe kafin a mayar da wuƙar.