Sharhi: Na sayi wasan Oscar Wilde a gwanjo, na tarar da Hajiyar unguwarmu a ciki

In ka ci karo da wasan kwaikwayon Oscar Wilde mai suna The Importance of Being Earnest a wajen masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari, ka saya, amma ka buɗe ka duba kafin ka miƙa kuɗi. Nawa bugun arha ne, takarda shara-shara, rubutu mitsi-mitsi sai an matse ido, kuma babu ko layi ɗaya na ƙarin bayani a ƙasan shafi. Wannan shi ne babban aibinsa. An fara nuna wasan a gidan wasa na St James's da ke Landan ranar 14 ga Fabrairun 1895, kuma cike yake da sunayen unguwanni da al'adun masu hannu da shuni na Ingilar wancan zamani. Wanda bai san su ba, habaici da yawa zai wuce ta kansa.

Labarin kashi 3 ne, ba shi da tsawo. Samari biyu ne, kowa da ƙaryar da yake fakewa da ita. Jack Worthing yana zaune a ƙauye yana riƙon wata yarinya, Cecily, sai ya ƙirƙiri ƙane shashasha mai suna Ernest domin ya riƙa samun dalilin shiga birni, in ya shiga kuma shi ne Ernest ɗin. Abokinsa Algernon shi kuma ya ƙirƙiri majinyaci mai suna Bunbury, wanda ciwonsa ba ya tashi sai ranar da dangi suka gayyace shi cin abinci. 'Yan matan biyu, Gwendolen da Cecily, kowacce ta kafe ba ta auren kowa sai mai suna Ernest.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wasan na uwar Gwendolen ne, Lady Bracknell. Da Jack ya zo neman 'yarta, sai ta zaro ɗan littafi da fensir, ta sanar da shi cewa sunansa ba ya cikin jerin samarin da ta tanada, sannan ta fara titsiye shi. Yana shan taba? Ya ce yana sha, ta ce madalla, namiji ai ya kamata ya samu abin yi. Shekarunsa 29, sun yi daidai. Abin da yake samu a shekara fam 7,000 zuwa 8,000, ta rubuta da jin daɗi. Yana da gida a unguwar Belgrave Square ta Landan, mai lamba 149, nan ta ɗan yatsina fuska, wai ba ɓangaren manya ba ne. Sai da ta gama da dukiya kakaf sannan ta waiwayi iyaye. Jack ya ce bai san su ba, tsintarsa aka yi a cikin jakar hannu a ma'ajiyar kaya ta tashar jirgin ƙasa ta Victoria. Shi ke nan zance ya mutu. Ta ba shi shawara ya yi maza ya nemo wa kansa dangi, ta fice.

Duk tsawon titsiyen nan ba ta tambaye shi halinsa ba, ba ta tambaya ko yana son yarinyar ba. A nan jikina ya yi sanyi. Mu a Kano ba ma ɗauko fensir, kawu ake turawa unguwar yaro ya zauna da liman da mai unguwa da dattawan majalisa. Bincike abu ne mai kyau, kuma kowa ya haddace cewa addini da hali ake dubawa. Sai dai in kawu ya dawo, tambayar da ake fara yi masa ita ce, ɗan gidan wa ne? Daga nan sai sana'ar kakansa, da ko shagon Kantin Kwarin nasa ne ko yaron shago ne. Salla da hali sukan zo a ƙarshe, in an tuna.

Kashi na 3 ya fi yi mini daɗi. Algernon, wanda ɗan 'yar'uwar Lady Bracknell ne, yana son Cecily, ita kuma tana kallon yarinyar a wulaƙance har ta miƙe za ta tafi. Sai aka ce mata Cecily na da gadon fam 130,000. Nan take ta koma ta zauna, ta ce ashe yarinyar kyakkyawa ce, ta sa ta juya ta gani. Ta ƙara da cewa ita ba ta son auren kwaɗayi, ai lokacin da ta auri mijinta ba ta da ko sisi, kuma ba ta bari hakan ya hana ta ba. Ina karantawa ina mayar wa goggona da Hausa, sai ta ajiye carbi ta ce, “Ke 'yar nan, wannan Hajiyar ai mun je biki tare. Ranar kawo lefe ita ke ƙirga akwati.” Na ce, “Goggo, Baturiya ce fa.” Ta ce, “To ta yi zaman Kano.”

Ƙarshen ne ban gama yafe wa Wilde ba. An gano cewa mai raino, Miss Prism, ita ta yi kuskure shekara 28 baya, ta sa rubutun littafinta a keken jariri, ta sa jaririn a jaka. Ashe Jack yayan Algernon ne, uwarsa da Lady Bracknell ciki ɗaya suka fito, kuma sunansa na yanka Ernest ne. Aure ya zama tuwona maina. Ka ga ke nan tsintacce bai ci nasara ba, sai da ya tashi daga tsintacce ya koma ɗan dangi. Lady Bracknell ba ta sauya ko da ƙwayar zarra ba, sharaɗinta aka cika mata. Wataƙila shi ya sa manyan Landan suka cika gidan wasan suna dariya, an tsokane su amma ba a taɓa kujerarsu ba. Su ɗin dai suka juya wa marubucin baya cikin 'yan makonni, da rigimarsa da wani basarake, Marquess na Queensberry, ta kai ga kotu aka ɗaure shi shekara 2 da aiki mai tsanani. An cire sunansa daga takardun talla, aka rufe wasan bayan nuni 86.

Wani abin da ya ɗan gundure ni shi ne kusan kowa a wasan bakinsa ɗaya. Yarinya 'yar shekara 18 da ta tashi a ƙauye tana zuba magana mai harshen damo daidai da gogaggen ɗan birni, har Lane, baran Algernon, ba a bar shi a baya ba. Batun zuwan samarin wajen limamin coci a sake musu suna su zama Ernest kuwa ya ja tsawo.

Kada ka karanta shi shiru kai kaɗai, rabin daɗin zai zube. Ku samu mutum uku ko huɗu ku raba sunaye. Ku gwada da wajen shan shayin Gwendolen da Cecily, lokacin da kowacce ke zaton saurayi ɗaya suke takara a kai, ga bara a tsaye ba damar zagi. Gwendolen ta ce ba ta son sukari, Cecily ta jefa mata ƙwaya 4. Ta ce burodi da man shanu take so, aka yanko mata ƙaton kek aka miƙa da ladabi.